Butar da Baba Ya Ƙi a Hanyar Lyon

Babana sau ɗaya ya taɓa zuwa Faransa, kuma ido ne ya kawo shi. Yanar ido ta rufe masa gani har ya kai sai an kama masa hannu. Muka yi ta faman takardu wata da watanni kafin biza ta fito, ya baro Maradi ya sauka mana a tsakiyar sanyi, da babbar riga da rawani, ƙafa ba safa. Gidanmu na Sevran, a gefen Paris, ya zauna, hawa na shida, a ɗakin yara.

Malami ne. Tun ina ƙarama manya ke zuwa zaurenmu bayan la'asar suna ɗaukar karatu, ni kuma ina maƙale a bayan ƙofa ina ji. Na yi boko har aji uku na kwalej, amma abin da nake alfahari da shi a raina shi ne wancan karatun na bayan ƙofa. Na san hukuncin ruwa tun ban iya tuƙa tuwo ba: in launinsa ko ɗanɗanonsa ko warinsa ya canza da wani abu da ya faɗa ciki, to a yi wanki da shi in tsarkakakke ne, amma ba a alwala.

Maigidana kuwa bakanike ne, a wani gareji na Bobigny yake aiki. Ni na zaɓe shi, Baba kuma bai hana ba. Abin da ya ce kawai ranar da aka zo tambaya shi ne, "Yaron kirki ne, sai dai karatu." Maganar ta dawo kunnen maigida ta bakin dangi, bai taɓa tayar da ita ba, amma na san tana nan. Shekara goma sha huɗu da aurenmu, bai taɓa haɗa ido da Baba ba. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya tashi ya fita. Ko da suka zauna gida ɗaya, in Baba na falo shi yana kicin, yana cin abincinsa a tsaye.

Shi ne ya lura da hannun Baba, ba ni ba. A gida akwai ruwan zafi a famfo. Amma ranakun asibiti wuni muke yi a Paris, azahar ta same mu a waje, Baba kuma ya rantse ba zai yi alwala a bayan gidan asibiti ba. Sai ya tsuguna a gefen mota da ruwan gora mai sanyi kamar ƙanƙara. In ya gama, yatsunsa su ƙage, ya kasa riƙe carbi. Maigida ya gani sau biyu.

A lokacin yana da wata tsohuwar mota mai ɗaki a ciki, irin wadda Turawa ke yawon hutu da ita, kampinka suke ce mata. Ya saye ta ne don ya gyara ya sayar. Akwai gado, akwai benci, da ɗan famfo da tankin ruwa, amma abin ɗuma ruwan ya mutu. Ya je wurin da ake farfasa matattun motoci ya samo wani balon, wato ƙaramin tanki na ƙarfe mai kamar tulu a kwance, ya yi Lahadi uku yana kwance ƙarƙashin motar a cikin wannan sanyi. Balon ɗin ba ya son gas, ba ya son lantarki. Mota na tafiya, ruwa na yin zafi. In aka yi rabin awa a hanya, sai an surka kafin a taɓa.

Ranar farko da maigida ya cika buta ya surka, ya gwada a bayan hannunsa, ya ajiye gaban Baba ya ja da baya, Baba ya zuba a tafinsa ya ji ɗumin. Can ya ce, "Ikon Allah. A cikin mota?"

"E, Baba."

"Wuta kuka hura?"

"A'a, zafin injin ne kawai, da ma a banza yake tahiya."

Baba ya yi dariya har haƙoransa suka fito. "To ashe mai baƙin hannu ma yana da nasa karatun. Allah shi yi maka albarka."

Ni na ga fuskar maigida a madubin gaba ranar. Kafin mu iso gida, sau biyu yana wuce kwanarmu.

Kusan mako uku aka yi haka. An yi wa Baba aikin ido ɗaya, an rufe shi da auduga, ɗayan kuma bai ganin komai sai inuwa. Yakan ce da ni, "Uwata, ke ce idona yanzu," don sunan mahaifiyarsa gare ni. Ni ke gaya masa ga matakala, ga alƙibla, ga ƙashi a cikin miya.

Sai matar ƙanena ta haihu a Lyon, aka sa ranar suna. Muka bar yara wurin maƙwabciya saboda lekol, wato makarantar boko, muka shirya tafiya mu uku a kampinka. Da safen, na sauko da kulolin abinci, na tarar da maigida ya buɗe gaban mota yana zuba wani ruwa daga bido, wato jarka. Launin ruwan hoda ne, mai kyau kamar lemon yara.

Na ce, "Wannan fa?"

"Ruwan inji ne. Kar ki bari yara su taɓa, guba ne." Ya rufe murfin, ya daki motar da tafin hannu yana murmushi. "Shi ke ɗuma wa Baba ruwan alwala."

Na shiga ciki na ɗaga bencin don in sa kaya. Ga balon ɗin nan, ga baƙaƙen tiyo biyu sun fito daga wajen inji ta ƙarƙashin daɓe sun shige cikinsa. Na tsaya ina kallo. Ruwan inji yana shiga tankin nan. Daga tankin nan ruwan buta ke fitowa. Ban ga wata hanya da hankali zai bi ba.

Yana nan a waje, taku huɗu tsakanina da shi. Da na leƙa na ce, "Baban yara, ruwan nan haɗuwa suke yi?" da an gama. Ban tambaya ba. Na daɗe ina ce wa kaina wai don kar in ɓata masa rai ne da sassafe. Ba haka ba ne. A raina na riga na yanke cewa shi bai san hukuncin ruwa ba, ni na sani. Maganar Baba ta ranar tambaya, ashe ni ce na fi kowa riƙe ta.

Muka kama babbar hanya. Baba na kan benci, a kan balon ɗin ma yake zaune, yana jan carbi yana jin ɗumin da ke tasowa. Ni kuwa ina ta lissafa sallolinsa a raina. Mutum ya kai waɗannan shekaru, bai taɓa wasa da alwala ba, a ce a gidan ƴarsa zai yi mako uku yana salla da ruwan guba? Hawaye har suka taru mini. Tsoron gaskiya ne, wannan kam ba zan yi wa kaina ƙarya ba.

Bayan mun wuce rabin hanya muka tsaya a wani wurin hutawar matafiya don azahar da la'asar. Maigida ya cika buta ya surka, ya ajiye a bakin ƙofa, ya tafi shan mai da sayo burodi. Baba ya fara naɗe hannun riga.

Na ce, "Baba, dakata. Ruwan nan ina da shakka a kansa."

Na gaya masa abin da na gani, da bido, da tiyo, da kalmar guba. Ya saurara kansa a sunkuye. Mura ta toshe masa hanci a kwanakin, saboda haka bai tambayi wari ba. Ya ɗanɗana, ya ce da ma yana jin ɗan ɗanɗanon ƙarfe, ya ɗauka na tanki ne. Sa'an nan ya ɗago fuskarsa mai auduga ya juyo wajena.

"Uwata, duba mini. Launinsa ya canza?"

Na zuba a murfin kula, fari. Ruwa ne garau, ana ganin ɗan tsagin da ke jikin murfin. Amma na riga na yi nisa, na riga na zama mai sani a gaban malamina. Na ji bakina yana cewa, "Kamar dai ya ɗan yi ja-ja."

"Kamar, ko ya yi?"

"Ya yi, Baba."

Ya ce innalillahi a hankali. Ya sa na kawo ruwan gora, ya sauka ya tsuguna a kan kwalta, iska na kaɗa masa rawani. Yana cikin wanke ƙafa maigida ya dawo da burodi a hammata. Ya dubi butar tana ta tururi ba a taɓa ba, ya dubi Baba.

"Baba, ya yi zahi da yawa ne? In ƙara surkawa?"

"A bar shi."

Shi ke nan abin da aka ce har Lyon.

Gidan ƙanena a Vaulx-en-Velin, gefen Lyon, ɗaki biyu ne da falo, ga mata cike, ga tukwane, ga takalma har bakin matakala. Maigida ya ce shi a mota zai riƙa kwana. Baba kuwa, tun daren da muka isa ya fara ramuwa. Ya ƙirga duk sallar da ya yi da ruwan motar, ya riƙa sake su ɗaya bayan ɗaya, da gwiwoyinsa masu ciwo. Ina ji yana nishi in zai tashi. Na kai masa matashi, ya sa mini albarka, wai na tsamo shi. Na karɓi albarkar.

Ranar suna aka yi addu'a da safe, aka wuni ana ci ana sha. Da magariba maza suka rage kamar goma sha biyu a falo, ƴan Nijar da ƴan Cadi, abokan kasuwancin ƙanena. Baba gwiwa ta gaza, a kujera zai yi salla, don haka ba zai ja mutane ba. Ina kicin, ƙofa a buɗe, ina kwashe shinkafa. Na ji ana tura maigida gaba, shi ne babba a cikinsu.

Wani Alhaji mai barkwanci ya ce, "Shiga, shiga, surukin malam ai rabin malam ne."

Aka yi dariya. Na ji motsin ƙafarsa a kan darduma. Sai muryar Baba, ba da ƙarfi ba.

"Da wane ruwa ka yi alwala?"

"Na mota, Baba. Yanzu na hawo."

"To a sa wani."

Cokalin da ke hannuna ya tsaya a cikin tukunya. Ƙanena ya yi maza ya shige gaba ya ta da kabbara. Bayan sallama aka tambayi Baba, ya yi bayani a taƙaice, cewa ruwan gauraye yake da na inji. Alhajin nan, don ya sassauta abin, ya ce, "Kai, bakanike! Har alwala sai ka yi mata bidanj?" Wato juyen man inji. Aka fashe da dariya. Maigida ma ya yi, wata ƴar gajeruwa. Bai kare kansa ba, don ba zai ƙaryata surukinsa a gaban mutane ba. Ya shiga bayan gida ya sake alwala, ya yi sallarsa shi kaɗai a lungu, ya sauka.

Washegari da hantsi na kai masa koko a mota. Ya karɓa ya ajiye.

"Zauna, Hajiya."

Hajiya yake ce mini in ransa ya ɓaci, ban kuwa je Makka ba a lokacin. Ya ɗauko kofin gilashi biyu. Ya tara ɗaya a famfo, ya zuba ruwan bido a ɗayan, ya jera su a kan tebur inda rana ke shigowa. Sa'an nan ya tsoma kan ashana a cikin mai launin, ya ɗiga a cikin farin. Nan take ɗigon ya bazu kamar zare, kowa zai gani.

Ya ɗaga benci. "Kawo hannunki. Wannan tiyo shiga yake yi. Wannan fita. A ciki ƙarfe ne a nannaɗe, rufaffe, ruwan inji ya bi ta cikinsa ya koma inda ya fito. Zahi kawai yake bari. Kwana biyu na yi ina gwada shi kahin in bari Baba ya taɓa."

Na tuna yadda nake tsoma kwalbar madarar yara a kwanon ruwan zafi. Madara ta yi ɗumi, ba ɗigon ruwa a ciki. Sau dubu nawa na yi wannan da hannuna?

Ya ce, "Baba ba ya gani. Wani ya gane masa."

Na kasa ɗaga kai.

"Ban ce ki san inji ba. Amma ni ne zan ba ubanki guba ya kurkure baki? Ni ne ban san ruwan alwala ba?" Ya ɗauki kokon, ya sake ajiyewa. "Da kin tambaye ni."

Na yi kuka, na roƙe shi gafara. Ya ce ya yafe, kuma na san da gaske yake. Na ce zan hau yanzu in gaya wa Baba. Ya ce, "Tsakaninki da shi."

Na hau. Baba na falo, Alhajin jiya da mutum uku sun dawo gaishe shi. Ga su nan duka, waɗanda suka ji, waɗanda ya kamata su sake ji. Na durƙusa a bakin ƙofa. Baba ya ce, "Uwata ce? Da magana?" Na dubi mutanen. Sai in faɗi a gabansu cewa na ce na ga launin da ban gani ba? Na ce, "Shayi zan tambaya ko a kawo." Aka ce a kawo. Na dafa, na kai, na zuba wa kowa.

Wannan shayin ya fi ƙaryar farko yi mini nauyi. Ta farko da tsoron Allah a cikinta, ko da kaɗan ne. Ta biyu ba komai a ciki sai ni.

Kwana ɗaya muka ƙara muka juyo. Baba ya ƙi zama a bencin, ya koma bakin gado. Rana na faɗuwa muka tsaya a wani wurin hutawa, tsakanin manyan motocin kaya. Maigida ya ajiye gorar ruwan sanyi kusa da Baba, bai ko taɓa buta ba, ya fita ya ba mu wuri.

Na durƙusa. "Baba, ruwan nan lahiyarsa lau. Ba ya haɗuwa da na inji, an nuna mini."

"To launin da kika gani?"

"Ban ga launi ba."

"Ban ji ba."

"Ban ga komai ba, Baba. Garau yake. Na faɗa ne kawai."

Ban damu da sallolin da ya rama ba a lokacin, na san zai ce ba su faɗi ƙasa ba. Abin da ya ce shi ne, "Yaushe kika sani?"

"Jiya da hantsi."

"Jiya. Mutanen nan suna zaune."

"E."

"Kika kawo shayi."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Na ba ki aron idona, kika sa na tozarta mutum a gaban jama'a, mutumin da bai taɓa ɗaga kai ya dube ni ba. Kira mini shi."

Maigida ya shigo ya durƙusa. Baba ya ce a kai hannunsa wurin. Aka ɗaga benci, maigida ya kama hannun surukinsa, abin da ban taɓa gani ba, ya ɗora a kan tiyo. Baba ya bi shi da yatsu, ya tambayi ina ya shiga, ina ya fita, me ke tsakani, in ya huje yaya za a gane. Tambaya yake yi irin ta ɗalibi, ba gajartawa. Maigida na amsawa, "ku taɓa nan, Baba, a hankali, da zahi." Da suka gama Baba ya ce, "Na fahimta. Zuba mini."

Ya yi alwalarsa a natse, tururi na tashi daga hannuwansa. Aka shimfiɗa darduma a gefen mota, aka kafa masa kujera. Ya zauna ya gyara rawani.

"Shiga gaba."

"Baba, ku dai..."

"Na ce shiga gaba, Malam."

Ya shiga. Ya fara fatiha, wata babbar mota kuma ta ta da inji kusa da mu, da ƙyar ake jinsa. Mamu biyu gare shi, tsoho a kujera, da ni a baya a kan kwali. A Lyon mutum goma sha biyu ne suka ji an ce a sa wani.

Baba ya kira ƙanena a waya da muka iso, ya ce a gaya wa kowa kuskure ne, ruwan mai tsarki ne. Bai ambaci sunana ba, ya ce shi ne bai bincika ba. An gaya wa wasu. Amma gyara ba ya yawo kamar abin dariya. Har bayan shekaru, in muka je Lyon biki, sai wani ya hango maigida ya ce, "Ga limamin bidanj!" Ya yi dariya ya miƙa hannu. Sau ɗaya na tare Alhajin nan a matakala na gaya masa yadda aka yi, ni ce. Ya ce, "Haba Hajiya, wasa ne, wa ya riƙe wannan?" Ya wuce abinsa.

Idon Baba ya buɗe kafin ya koma. Ranar da aka cire audugar, da muka fito asibiti, ya karɓi butar da kansa, ya zuba ruwan a tafinsa ya kai kusa da fuska ya duba. Bai dube ni ba. Ragowar kwanakinsa a Sevran, in yana neman alƙibla ko matakala ko takalminsa, maigida yake kira.